Shimfiɗa Dutse a Tsakar Gida da Hannunka: Amsa ga Mai Tambaya daga Kinkinau

Tambayar ta zo ne daga wani bawan Allah a unguwar Kinkinau da ke Kaduna. Ya ce tsakar gidansu jar ƙasa ce, da zarar damina ta kankama sai ta caɓe, har mahaifiyarsa ba ta iya zuwa madafi sai an riƙe ta. Yana son ya shimfiɗa dutse daga zaure zuwa ƙofar ɗakuna, tsawon mita 12, sannan ya yi wurin zama a gindin mangwaro, mita 4 kowane gefe. Shi da ƙannensa biyu ne za su yi aikin. Abin da yake son sani shi ne ko zai yiwu ba tare da magini ba, siminti zai sa ko yashi kawai, kuma wane kaya zai saya.

Malam, Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa Hajiya lafiya. Aikin zai yiwu, majiya ƙarfi uku sun isa. Sai dai ka cire wa ranka cewa jera duwatsun shi ne aikin. Jerin shi ne mai daɗin, shi ne kuma mai sauƙin. Abin da zai sa hanyar ta daɗe ko ta wargaje a damina ta biyu shi ne inda ka bi da ruwa, da kuma abin da ka zuba a ƙarƙashin dutsen.

Mu fara da ruwan. Kaduna tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,200 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da Oktoba, mafi nauyinsa a Agusta da Satumba. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan idan rufin gidanku murabba'in mita 100 ne, aka tafka ruwa na milimita 50 a dare guda, lita 5,000 ce za ta sauko daga bakin kwano, duro 25 cif, kuma mafi yawanta tsakar gida za ta zuba. Wannan ruwan shi ne abokin karawarka. Don haka kafin ka kashe ko kwabo, ka ɗauki lema ka tsaya a tsakar gida ana tsakiyar ruwa, ka ga inda yake taruwa, da inda yake gudu, da yadda yake kaiwa rariya. Ka kakkafa 'yan turaka a wuraren. Idan damina ta wuce, ƙasa ba ta ɓoye labari: za ka ga layin da ɗigar kwano ta haƙa, da inda gansakuka ta yi kore a gindin bango.

Daga nan sai awo biyu da ba a sassauta su. Na farko, saman dutsen ya yi gangara ta santimita 2 a kowace mita, ya kauce wa bangon ɗaki ya nufi inda ruwa zai fita. A hanyar da faɗinta mita 1.2 ne, gefe ɗaya zai fi ɗaya tudu da kusan inci ɗaya. Ido ba ya ganin wannan karkatar, ƙafa ba ta jin ta, amma ruwa yana bin ta. Na biyu, saman dutsen ya zauna aƙalla inci 6 ƙasa da daɓen ɗakuna. Nan ne gidaje da yawa a cikin gari suke shiga matsala, domin duk lokacin da aka gyara titi sai ya ƙara tudu, mai gida ya ga tsakar gidansa ta koma kwari, sai ya yi ta zuba ciko har ta yi kai ɗaya da ɗaki. Ruwan farko sai ya shige ƙarƙashin gado. Ka auna tazarar da ke tsakanin daɓen ɗaki da bakin rariya. Idan akwai isasshen faɗuwa, ka yi ƙasa da haƙa, kada ka yi sama da ciko. Idan kuwa kwatar waje ta fi tsakar gidan tudu, to matsalarku ta wuce ta shimfiɗa dutse, sai a fara nema wa ruwa mafita tukuna. Kuma kada a juya shi jikin katangar maƙwabci, balle in ta ƙasa ce.

Ba ka bukatar na'urar safiyo don fitar da wannan awo. Ka sayi siririn tiyo mai garai-garai, mita 15, ka cika shi da ruwa, ka ɗan sa bula don ya fito sosai, ka tabbata babu kumfar iska a ciki. Ƙaninka ya riƙe baki ɗaya a jikin bango daidai wata alama da kuka yi, kai ka riƙe ɗayan a jikin turke. Inda ruwan ya tsaya a ɓangarorin biyu, tsayinsu ɗaya ne, ko da kwana ta raba ku. Ka yi alama a kowane turke, ka auno ƙasa daga alamar gwargwadon gangarar da kake so, ka ɗaure igiya. Wannan igiyar ita ce saman dutsenka, duk sauran awo daga jikinta za a yi. Don kusurwar wurin zaman ta tsaya daidai, ka auna mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗayan, tsakanin ƙarshensu ya ba ka mita 5. In da za ka ɗauki magini na wuni ɗaya tak a duk aikin, to wannan wunin ne ya cancanta.

Yanzu ga tambayarka ta siminti ko yashi. Hanyoyin da ke aiki biyu ne. Ko dai a kwantar da dutse a kan yashi bisa dakakken burji, siminti a gefe kawai, ko kuma a zuba kankare sosai a ɗora dutsen da kwaɓin siminti. Akwai ta uku wadda ita aka fi yi a unguwanninmu, kuma ita ce ba ta da amfani: a share ƙasa, a shafa siminti kaurin yatsa biyu, a danna duwatsu a kai, a shafe tsakaninsu. Ranar da aka gama sai ka rantse aikin kamfani ne. Amma ƙasa tana motsi, tana kumbura da damina, tana tsukewa da rani, shi kuwa siminti ba ya lanƙwasa. Da ƙasa ta ɗan janye a ƙarƙashinsa sai ya tsage, ruwa ya samu ƙofa, ya kwashe abin da ke ƙasa, ciyawa ta biyo baya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga wanda bai taɓa aikin ba, shawarata ta farkon ce, wato yashi. Dalilina mai sauƙi ne: dutsen da ka kwantar a kan yashi bai zauna daidai ba, ɗagawa za ka yi ka gyara, yau ko baɗi. Wanda ka ɗora a kan siminti, cikin sa'a ɗaya ko biyu ya fara kamawa, kuskuren ya zauna ke nan sai da guduma. Ga shi kuma ranar da bututun ruwa ya fashe a ƙarƙashi, dutse uku za a cire a mayar. Wuri ɗaya ne zan ce ka yi kankare, bakin famfo inda ake wanke-wanke da alwala, saboda ruwa ba ya yankewa a wurin rani da damina.

Batun dutsen kansa. Mu a nan ba mu da talaucinsa, duk wanda ya bi hanyar Kachia ya ga duwatsun Kujama da na Kajuru ya san a kan dutse ƙasar take zaune. Masu fasa dutse da hannu sukan hura wuta a kan falalen dutse har samansa ya ɓantare fala-fala, irin waɗannan ne ake sayarwa don daɓe da ado a bango. Amma na bango daban, na takawa daban. Wanda za a kwantar a kan yashi kaurinsa kada ya gaza santimita 4, in ya kai 5 ya fi. Siriri mai kaurin inci ɗaya ya fi araha, ya fi sauƙin ɗauka, mai sayarwa kuma shi zai fi tura maka, amma sai a kan kankare yake rayuwa. Araha ba ta ado. Ka tafi da ƙaramar guduma ka ƙwanƙwasa kowanne. Lafiyayyen dutse ƙara yake yi tangararan, wanda wuta ta ci ko yake da ɓoyayyen tsagu sai ka ji ƙarar ta mutu. Ka tafi da gorar ruwa kuma, ka zuba a fuskar dutsen ka taka da silifa ka murza ƙafa. Tunda saboda Hajiya ake aikin, duk wanda ya zame maka ka bar musu kayansu. Tayil mai sheƙi da gogaggen dutse irin na kan kantar kicin ba su da wuri a tsakar gida, da ruwa ya taɓa su sun zama tarko. Ka kuma guji baƙi ƙirin a inda rana ke duka, domin a Maris da Afrilu yaro ba zai iya taka shi ba takalmi ba.

Kada girma ya ruɗe ka. Dutse mai santimita 60 kowane gefe da kaurin 5 nauyinsa ya kusa kilo 50, daidai buhun siminti. Wanda ya fi haka sai mutum biyu, kuma sau da yawa za a ɗaga shi kafin ya zauna. Ƙanana ƙwarai kuma rawa suke yi a ƙarƙashin ƙafa. Ka tsaya da kanka lokacin lodi, don abin da ke saman tsibi ba shi ne ke ƙasansa ba. Idan fala-falan sun yi tsada ko ba a samu masu kauri ba, intalok ma yana yi, mai santimita 6 don ƙafa, mai 8 don mota, kuma duk abin da zan faɗa kan shimfiɗar ƙasa ya shafe shi. Ka karce shi da ƙusa kafin ka biya, in yana zubar da gari an yi masa rowar siminti.

Zurfin haƙa daga igiya: santimita 10 na burji, 4 na yashi, 5 na dutse, a dunƙule inci 8. Ka faɗaɗa ramin da kamar inci 6 kowane gefe saboda makarin baki, wato abin da zai tokare duwatsun gefe. Duk baƙar ƙasa da saiwoyi da leda su fita, haka ma guntun katako, domin gayyatar gara ce. Tofa da aya-aya a bi su har tushe, in ka bar guntu za su fito ta tsakanin duwatsu. Kafin diga ta taɓa ƙasa, ka san inda bututun ruwa da wayar wuta suka bi, kuma kada a rufe murfin sokawe. Sannan ka zauna da Hajiya ka tambaye ta ko an taɓa cike tsohuwar rijiya ko salga ko ramin shara a gidan, da kuma daidai ina. Tsofaffin gidaje ba sa rasa irin wannan, kuma wuri ne da yake ci gaba da lotsawa shekara da shekaru. In hanya za ta iya kauce masa, ta kauce. In ba hali, a haƙe lausasan ƙasar har a taɓa mai tauri, a cike da burji kaɗan-kaɗan ana dakawa.

Ga lissafin kayanka. Hanyar mita 12 sau 1.2 ta ba da murabba'in mita 14.4, wurin zama 16, a ce 30 gaba ɗaya. Ƙasar da za ta fito daga ramin ta kai kubik mita 6, kuma da an haƙe ta sai ta ƙara auki, ka sa ran baro ɗari ko sama da haka, ka san inda za ka kai ta tun kafin ku fara. Burji kubik mita 3 ne a lissafi, amma daka yana cinye shi, ka sayi 4. Yashi ɗaya da rabi. Dutse kusan tan 4, ka ƙara kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari saboda fashewa da waɗanda ba za su shiga ko'ina ba. Siminti buhu 5 zuwa 6 na gefe, ban da na bakin famfo. Farashi yana canzawa kusan kowane wata, saboda haka adadin nan za ka riƙe ka shiga kasuwa da shi. Idan direba ya ce maka tifa ɗaya, ka tambayi wace tifar, ka auna tsawon bodin da faɗinsa da zurfinsa, don akwai ƙarama akwai babba. Sau da yawa kuɗin dako yana kamo kuɗin kayan, in akwai maƙwabci mai bukatar yashi ku haɗa. Shebur, diga, kwanon sarki da baro, abin da ba ku da shi a aro ko a duba Panteka. Ban da tiyon awo, gudumar roba da ƙaramin lebur mai ƙwayar ruwa ne kawai nake ganin sai an saya.

Burjin da kake nema shi ne mai 'ya'yan tsakuwa a ciki, wanda in ka damƙa za ka ji yana sukar tafin hannu. Ka jiƙa kaɗan ka murza a tsakanin hannuwa. In ya miƙe ya yi doguwar igiya bai karye ba, yumɓu ya yi yawa, zai riƙe ruwa ya yi laushi. Kada ka ce wa direba ciko kawai, zai iya kwaso maka ƙasar bola. In aljihu ya yarda, tsakuwar inji gauraye da garin dutse ta fi burji, domin ba ta jin ruwa. Tsakuwa zalla mai girma ɗaya kuwa ba ta dakuwa, yashin sama zai zurare cikinta. Kuma kada wani ya ba ka shawarar shimfiɗa leda a ƙasa don hana ciyawa. Ruwa za ta tare, dutsen ya zauna a kan kwaɓaɓɓen yashi, ita kuma ciyawar yawancinta daga sama iska ke kawo irinta.

Daka shi ne inda 'yan aikin gida suke gajiya su yi ha'inci, kuma shi ne inda aikin yake. Iyayenmu mata da suke daɓe da madaɓi suna yayyafa ruwan makuba sun san sirrin: kaɗan-kaɗan, da danshi, da maimaici. A fara dake ƙasan ramin kansa. Sannan a zuba burji santimita 5 kacal, a baza, a yayyafa ruwa, a daka, sai a ƙara wani. Wanda ya zuba duka a lokaci ɗaya samansa kawai zai taurare, cikinsa yana nan sako-sako yana jiran Agusta. Danshin da ake so kamar na garin dambu ne kafin a ɗora shi a madambaci: ka dunƙula ya kama, ka matsa da yatsa ya warware, ruwa bai fito ba. Abin dakan kuna iya haɗa shi da kanku, ku cika gwangwanin fenti da kankare ku kafa ƙota a tsakiya, ya kwana uku ya bushe. Kowane wuri a bi shi sau da yawa, a tsaye da a kwance. Gwajin shi ne ka turo baro cike da ƙasa a kai, in taya ta bar sawu ba a gama ba. Masu aikin intalok suna ba da hayar injin daka, rabin wuni ya ishe ku, kuma in akwai kuɗin da zan ce kada a yi ƙyashinsa to wannan ne. Gangarar nan ta santimita 2 a jikin burjin ake fitar da ita, ba a bari sai an zo yashi. Duk wannan na hanyar ƙafa ne. In mota za ta hau, burji ya koma santimita 15 zuwa 20, inji kuma ya zama dole.

Sai makarin baki. Dutsen da ke kan yashi ba abin da ke riƙe shi sai ɗan'uwansa, na ƙarshe kuma sai abin da ka tokare shi da shi. In babu, gefe zai buɗe, yashi ya tsere, hanyar ta fara cinyewa daga baki. Ka jera bulo cikakke marar rami, ko dogayen duwatsu a tsaye, a kan kankare mai awon 1:3:6, ka kuma tokare bayansu da shi har rabin tsayinsu. Buhun siminti kwanon sarki 2 ne, ke nan buhu ɗaya zai ci kwano 6 na yashi da 12 na tsakuwa. A gefen da ruwa zai fita, kada makarin ya fi dutsen tudu, in ba haka ba kwatami ka gina. A bar shi kwana biyu ko uku ana ba shi ruwa kafin a ci gaba.

Yashin kwanciya mai kaushi ne, na kogi, ba mai laushin filasta ba. Ka zuba shi rabin kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza ka ajiye. In laka ta kwanta a sama ta kai kashi ɗaya cikin goma na tsayin yashin, a canza. A baza santimita 4, kuma kada a yi amfani da yashi don cike ramin da aka bari a burji, domin inda ya yi kauri nan zai lotsa.

Kafin ku kwantar da ko ɗaya, ku baje duwatsun a fili ku kalle su. Manya masu miƙaƙƙen gefe su tafi bakin hanya, da kusurwa, da ƙofar ɗaki inda ƙafa ke fara sauka. Matsakaita su cike tsakiya. Tunda kaurinsu ba ɗaya ba ne, kowane dutse da nasa gyaran: ka ɗora, ka duba, ka ɗaga, ka rage yashi ko ka ƙara da cokalin gini, ka mayar, ka bubbuga da gudumar roba daga tsakiya. Sai ka hau kai ka taka kowace kusurwa. In ya motsa ko kaɗan, a ɗaga. Kada a cusa tsakuwa a ƙarƙashi don ya daina rawa, cikinsa duka ne ya kamata ya kwanta a kan yashi, in ba haka ba nan zai karye. Ka riƙa gitta miƙaƙƙen katako a kan duwatsu uku ko huɗu, kada wani ya ɗara maƙwabcinsa da fiye da rabin santimita. Matashi ba zai ma lura da wannan ba, amma tsohuwa mai jan ƙafa da asuba shi zai kayar da ita. Tsakanin dutse da dutse ya tsaya santimita 1 zuwa 3, kada layi ɗaya ya miƙe ya yi tsawo, kada kuma kusurwa huɗu su haɗu wuri guda.

Yanka a rage shi iya yiwuwa. Galibi ɗan ƙarin baki ne, cizal da guduma sun isa. In an kai ga giranda, ƙurar dutse tana da illa ta gaske, tana taruwa a huhu ta yi tabon da ba ya warkewa. A jiƙa layin yankan ba tare da ruwa ya taɓa jikin injin ba, a rufe hanci da takunkumi mai kyau, a sa tabarau, a kori yara. A sa takalmi rufaffe, a ɗaga dutse da gwiwa ba da ƙugu ba, kuma mutum biyu in za su sauke dutse ɗaya, ɗaya ne zai riƙa ba da umarni, don yatsu a nan suke tafiya.

Abin da za a cike tsakani da shi yana bukatar tunani a gidan Bahaushe, domin ana share tsakar gida safe da yamma, tsintsiya kuwa ba ta barin yashi. Garin dutse ya fi: a share shi cikin ramukan yana busasshe, a yayyafa ruwa, a danna da bakin katako, a ƙara, har ya tsaya kaɗan ƙasa da fuskar dutsen. Yana kamewa ya yi tauri, amma ruwa yana ratsa shi. Inda ɗigar kwano ke sauka kuwa ba abin da zai zauna, ko dai a sa wa rufin makwararar ruwa, ko a kawar da hanyar daga layin ɗigar a zuba tsakuwa a wurin.

Gindin mangwaro nasa hukuncin daban. Saiwoyin da bishiya ke sha da su suna kusa da sama, suna bukatar iska da ruwa, kuma suna ƙara kauri kowace shekara. Kankare a nan ko ya fashe ko ya galabaitar da bishiyar. A bar da'irar mita ɗaya aƙalla daga jikin kututture ba dutse, a zuba tsakuwa. Kada a sare saiwar da ta kai kaurin tsintsiyar hannu. Inda suka yi yawa a rage haƙa a ɗan ɗaga wurin zaman, ko da zai zama da 'yar matakala, muddin bai toshe wa ruwa hanya ba. Ka sa a ranka cewa bayan 'yan shekaru saiwa za ta ɗaga dutse ɗaya ko biyu, a cire a gyara. Inuwa kuma tana kawo gansakuka da damina, ruɓaɓɓen mangwaro yana ƙara santsi, sai a riƙa gogewa da buroshi mai tauri.

Bakin famfo a taƙaice: burji dakakke santimita 10, kankare 1:2:4 kaurin inci 3 zuwa 4, sannan kwaɓin siminti ɗaya yashi huɗu a ƙarƙashin dutsen duka, ba ɗigo-ɗigo a kusurwoyi ba. A jiƙa bayan dutsen kafin a ɗora, a cike tsakani da kwaɓin 1:3, a goge abin da ya ɓata fuska da jiƙaƙƙen soso nan take. A rufe da jiƙaƙƙun buhuna ana ba shi ruwa kwana 7. Da hunturu a ninka kula, iskar tana shanye ruwan siminti kafin ya yi ƙarfi, ya bushe ya yi fari amma yana marmashewa. A sa safar hannu, siminti yana cin fata.

Kada ka shimfiɗe tsakar gidan duka. A bar wa turmi wurinsa na ƙasa, daka yana fasa dutse yana kuma sassauta na kusa da shi. Murhun biki ko na suyar naman Sallah ma kada ya hau kai, ka tuna da wuta aka ɓantaro dutsen tun farko. Idan kuma sha'awa ta ja ka ka fito da aikin ƙofar gida, abin da ke wajen katanga ba naka ba ne kai kaɗai, ka tuntuɓi KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, kuma kada a rufe kwata ruf yadda ba za a iya yashe ta ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, ƙasa tana da sauran danshi, diga tana shiga, burji yana dakuwa ba tare da an sayi ruwa da yawa ba. A Fabrairu da Maris jar ƙasa ta ƙeƙashe, ga rana, sai an jiƙa wurin tun dare. A Agusta kuwa ramin da aka haƙa da safe kududdufi ne da yamma. Ku fara da hanyar, ku yi ta gaɓa-gaɓa don mutanen gida su samu wurin wucewa, wurin zaman ya biyo baya lokacin hannunku ya faɗa.

Ka ajiye buhu biyu na garin dutse da 'yan duwatsun da suka rage. Bayan manyan ruwa biyu ko uku na farkon damina, ka zagaya ka duba: inda garin ya ragu a ƙara, inda ruwa ya kwanta ya wuce 'yan mintoci a ɗaga dutsen a ƙara masa yashi. In wuri ɗaya ya sake lotsawa bayan an gyara, matsalar ba ta yashi ba ce, a cire duwatsun wurin a tono har burjin a sake dakawa.